Gashin Bakin da Aka Ƙwace Miki

Zuwa gare ki, Shaƙiyyiyata, sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, yayyafin farko mai tayar da ƙamshin ƙasa, wadda dariyarta ta fi mini ruwan randa daɗi a tsakiyar zafi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda na san da gefen ido za ki karɓe ta, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da Inna da duk mutanen gida. Yayarki ce za ta miƙa miki wannan takarda da ɗan ƙunshin da ke tare da ita. Sai da na yi mata magiya har na gaji kafin ta karɓa, kuma ta ce idan kika yaga babu ruwanta. Kada ki yaga, don Allah. Ki karanta har ƙarshe, sannan ki jefa a murhu, don abin da ke ciki ba na idon kowa ba ne. Ƙunshin kuma kada ki buɗe shi sai kin gama.

Sati bakwai ke nan rabona da muryarki. Sati bakwai! Na kira kin ƙi ɗauka, na zo an ce ba kya nan alhali ga takalminki a bakin ƙofa. Ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa, ina aski ina mantawa da wanda ke kan kujera. Shekaranjiya na shafa wa wani bawan Allah hoda sau biyu, ya fita fari fat, yana tambayata ko lafiya. Ina lafiya, alhali farin watana ya juya mini baya? Ina lafiya, alhali bakin da ke sa unguwa guda riƙe ciki ya yi shiru kamar an toshe rijiya?

Na san laifina a wurinki. Ranar Alhamis da ta biyo bayan wulaƙancin da aka yi miki, kin bi ta layinmu, kin ga baƙar motar Shugaban hukumar ruwa a ƙofar shagona. Kin leƙo, kin gan shi a kan kujerata ya miƙe ƙafa, ni kuma na sunkuya ina goge masa wuya da tawul ina washe baki. Idonmu ya haɗu a madubi. Kika kau da kai, kika wuce. Yayarki ta gaya mini abin da kika faɗa a gida, wai ashe mai aski duk kan da aka miƙo masa nasa ne. Maganar ta shige ni har ƙashi, amma ban ga laifinki ba. Da ni ne a matsayinki da abin da zan faɗa ya fi haka.

Kafin in wanke kaina, bari in tuna miki wani madubin. Kin tuna ranar da kika rako Baba aski, lokacin da ƙafarsa ke ciwo? Kin zauna a benci a bayana, kin yi shiru kamar mutuniyar kirki. Ni kuwa ina da wata ɗabi'a da ban san ina da ita ba: kafin in taɓa gashi sai na kaɗa almakashi a iska sau uku, ƙyas-ƙyas-ƙyas, in karkata kai, in tsuke baki kamar mai shirin yin tiyata. Ina ɗaga ido sai na gan ki a madubi, kin mai da yatsu biyu almakashi, kin karkata kai, kin tsuke baki, ni sak. Mutum huɗu da ke layi suna ta shaƙewa. Baba ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri da ita, ko ni ba ta bari ba." Saura kaɗan in yanke masa kunne. Tun ranar kika laƙaba mini Ƙyas-Ƙyas, sunan ya bi ni har wurin mai sayar mini da reza, kuma tun ranar zuciyata ta bar shagon ta bi ki gida.

Daga nan ban ƙara fashin Asabar ba. Da la'asar zan rufe shago, ko da mutum biyar ne a layi, in tafi zauren makarantar bayan kasuwa in ga kin hau dandamali. Kin yi malamar asibiti mai danna waya tana tambayar mara lafiya me ke damunsa. Kin yi ɗan sanda mai duba takardar mota a juye. Kin yi surukar da ke yaba miya tana ture kwano. Amma babu wanda ya kai Ana-Kan-Aiki. Shekara uku famfon unguwarmu bai ɗiga ba, shekara uku Inna da sauran iyayenmu mata suna jan jarka daga gangare, kuma duk lokacin da aka tambayi Shugaban ruwa sai ya gyara murya ya ce ana kan aiki. Kowa ya ji haushi, kowa ya haɗiye. Ke kaɗai kika ɗauki haushin nan kika mai da shi abin da mutum zai yi wa dariya har ya share hawaye, ya koma gida yana jin shi ma mutum ne.

Kuma ni na haɗa miki kamannin, da hannun nan nawa. Gashin baki na baƙin ulu, ɓarin hagu ya zubo ya kusa haɓa, ɓarin dama a guntule ya ɗage sama. Hular gashi mai tsaga wadda ta gangaro har gindin kunne. Baƙi wuluk kamar gindin tukunya. Shi mutumin a lokacin ba haka yake ba, gashin bakinsa daidai yake, ni nake gyara shi duk Alhamis shekara shida. Mu muka ƙara gishiri. Amma kina manna ulun nan, ki turo ciki, ki gyara murya, zaure ya kan rushe tun kafin ki buɗe baki. Yara suka ɗauka, masu tura ruwa suka ɗauka, aka zana fuskar a bangon tasha, aka yi ta yawo da ita a waya. Har matar da aka tambaya ina abinci sai ta turo ciki ta ce ana kan aiki.

Ga inda na cuce ki, hasken idona, kuma ban taɓa faɗa da bakina ba sai yau. Ni na ba ki labarin kukan. Ni na gaya miki yadda yake zama a kujerata yana gwada jawabi a madubi, yadda idan ya zo wurin "talakawana" yake matse ido, ya ga hawaye bai zo ba, ya sake daga farko, har ya tambaye ni wanne ya fi kama da na gaske. Na gaya miki ne don in ji dariyarki, ba don komai ba. Kika hau dandamali da shi. Duk abin da kika yi a baya ya shanye, amma wannan ya soke shi, don ya san wani ya gan shi. Ya zargi sakatarensa, ya tura bawan Allah can wani reshe mai nisa. Ya zargi ƙanin matarsa. Ni ko a mafarki bai zarge ni ba. A wurin irinsu mai aski da kujerar aski duk ɗaya ne, ba su da kunne.

Ke aka kama. Aka kira ki ofishinsa, aka zaunar da ke a benci a baranda tun safe har la'asar, a hukumar ruwa, babu wanda ya miƙo miki ko kofi ɗaya. Sannan aka kunna kyamara, aka ba ki takardar da wani ya rubuta, kika karanta cewa ƙarya kika yi, rashin tarbiyya ne, kina neman afuwarsa a matsayinsa na uba. Na kalla a waya a tsaye a shago, injin aski yana ta kuka a hannuna. Na ga ya miƙo hannu, kin buɗe jaka kin ciro gashin bakin ulu kin ba shi, ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, ya sake shi a kwandon shara. Sai ya waiga ya dubi ma'aikatansa, su kuma suka fashe da dariya.

Dariyar nan ce ta hana ni sukuni. Zauren da ya sa aka hana ki shiga tun ranar, na san wata rana za a buɗe miki. Takardar da kika karanta, kowa ya san ba ke kika rubuta ba. Amma dariyar! Dariya ce ta umarni, busasshiya, irin wadda ake yi ana kallon fuskar maigida don a san lokacin tsayawa. Sun ɗauki abin da kika fi kowa iyawa, abin da kika wanke mana zuciya da shi, sun yi na jabu sun watsa miki a fuska. Yayarki ta ce tun ranar ko murmushi ba kya yi, ta ce kin tattara hular da rigar kin cusa a ƙarƙashin gado, kin ce kin bar barkwanci har abada. Wallahi ban yafe ba. Ba zan yafe ba, ko duk garin nan zai taru ya ba ni haƙuri.

To, ga abin da kika gani ranar Alhamis ɗin nan. Ya shigo yana fara'a, ya zauna, na yafa masa ƙyalle, ya kwantar da kai ya miƙo mini maƙogwaro. Reza sabuwa a hannuna. Ba zan ɓoye miki ba, shaiɗan ya zo ya tsaya a kafaɗata, ya daɗe yana magana. Ina kallon jijiyar wuyansa tana harbawa, shi kuma yana ba ni labarinki, wai ya koya wa wata mara kunya hankali. Na yi ta'awwuzi a zuci. Na ce idan na yi haka na mai da shi abin tausayi, a yi masa jawabi, a sa wa titi sunansa, ke kuma a ce saurayinki mahaukaci ne. Jini bai dace da shi ba. Abin da ya fi tsoro a duniya shi zan ba shi. Ina cikin wannan tunani na dubi gashin bakinsa a madubi, sai Allah ya buɗe mini ido. Na ajiye rezar na ɗauki tawul ina murmushi, murmushin da kika gani ke nan, rabin raina. A daidai lokacin kika leƙo.

Ranar na rage ɓarin dama da kaurin zare ɗaya, na bar na hagu ban taɓa ba. Tsagar kansa na matsar da ita wajen kunne da kaurin zare ɗaya. Rinin da nake shafa masa don ɓoye furfura na ƙara masa ƙarfi kaɗan. Alhamis ta gaba na ƙara. Ta gaba ma haka. Aikin haƙuri ne, irin na mai dasa itace. Idan na yi gaggawa zai gani, idan na yi sanyi lokaci zai ƙure. Na hagun nan kuwa har mai nake shafa masa, ina taje shi ƙasa, ina lallashinsa kamar jariri. Aski bakwai ke nan. Jiya da na cire masa ƙyalle na ja baya na dube shi, sai da na shiga bayan labule na ciji tawul. Ke ce, Shaƙiyyiyata. Ke ce a kan dandamali, sai dai wannan cikin ba tsumma aka cusa ba.

Za ki ce yaya bai gani ba, alhali kullum yana gaban madubi? Ai ba fuskarsa yake kallo ba, jawabinsa yake kallo. Sau ɗaya ya shafa ɓarin hagu ya ce kamar ya yi tsawo. Na ce, "Ranka ya daɗe, haka manya suke barinsa yanzu, yana ƙara kwarjini a hoto." Ya gyaɗa kai, ya ce dama ya lura ana kallonsa fiye da da. Za ki ce to mutanensa fa? Nan ne daɗin yake. Duk mai iya gaya masa gaskiya ya riga ya kore shi. Waɗanda suka rage su ne masu dariyar umarni, kuma wa zai je ya ce wa maigida ya koma kamar zanen bangon tasha? Wanda ya faɗa ya amsa cewa ya san zanen ke nan. Direbansa ya gane tun sati na huɗu. Dattijo ne mai shiru, yana jiransa a bakin ƙofa. Ya dube shi, ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya daɗe yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Da za su tafi ya ce mini, "Allah ya ƙara wa hannun nan albarka."

Yanzu saura aski ɗaya. Ranar Asabar ta sama, da hantsi, zai buɗe sabon tankin ruwa a filin makaranta, dab da zauren da ya hana ki shiga. An gayyaci manyansa daga sama, za a kawo kyamara, za a jera yara da tuta. A kujerata na ji yana ba da umarni a waya cewa a zuba wa tankin ruwa da mota ranar Juma'a, wanda zai isa a buɗe famfo a ɗauki hoto. Jawabin ma na ji shi sau uku, kuma akwai "talakawana" a ciki, akwai kukan. Ranar Alhamis zan yi aikin ƙarshe, zan ɗage ɓarin dama in kai tsagar inda take a hularki. Ya hana a kwaikwaye shi, to ba wanda zai kwaikwaye shi. Shi da kansa zai hau dandamali, da ƙafarsa, ya gyara murya a gaban unguwar da ta haddace wasanki, ya yi musu Ana-Kan-Aiki daga farko har ƙarshe. Wa za su kama? Wa za su ba takarda ya karanta?

Amma akwai abin da almakashina ba zai iya ba, shi ya sa na rubuto. Na san mutanenmu. Za su gani, za su gane, dariya za ta taso musu, sannan kowa ya dubi takalminsa ya haɗiye, kamar yadda suka haɗiye shekara uku. Tun ranar da aka zaunar da ke a bencin nan tsoro ya koma musu. Dariya tana son mai fara ta. Idan ba a samu wanda ya fara ba, zai gama jawabinsa, a tafa, ya shiga mota, aikin sati takwas ya tafi a banza, shi kuma ya ci gaba da yawo da fuskarki ba tare da ya biya komai ba.

Ki zo, muradin raina. Ba na ce ki hau dandamali ba, ba na ce ki yi magana ba. Ki tsaya can baya, gindin bishiyar da ke jikin katanga, cikin mata. Ki bari ya kai wurin "talakawana", ya matse ido. Sannan ki sake ta, dariyar nan taki mai farawa daga hanci, wadda ke ƙwace miki kafin ki rufe baki, wadda kowa a unguwar nan zai gane ko a cikin mutum dubu. Ke kika koya musu yi wa mutumin nan dariya, muryarki suke jira. Wace tsuntsuwa ce ke fara kukan asuba in ba wadda sauran suka sani ba? Ki fara kawai, ki ga yadda filin zai ɗauka. Ina so ya tsaya a can sama, da hawayen jabu rabi a ido, ya ji yadda ta gaske take. Ina so ya waiga wurin ma'aikatansa neman ceto, ya tarar su ma kafaɗunsu na rawa.

Ban ce babu haɗari ba. Na auna, na ga babu dokar da ta hana mutum dariya a fili cikin jama'a, kuma idan fili ya ɗauka ba za a san bakin da ya fara ba. Amma ke kika zauna a bencin, ba ni ba, don haka idan zuciyarki ta ƙi, kada ki tilasta mata. Ba zan riƙe ki da komai ba. Ni dai nawa ya riga ya ƙare. Ranar zai koma gida ya dubi madubi da idon gaske, karo na farko a shekara shida, kuma a ranar zai gane cewa kujerar aski tana da kunne. Mai ginin da shagona yake ciki abokinsa ne. Na riga na kai babban madubin gidan ƙanina, na naɗe almakasaina masu kyau a tawul. Idan aka rufe shagon zan kafa kujera a gindin bishiya. Idan aka zo tafiya da ni, zan ce hannu ne ya karkace, tsufa ya fara kama ni. Duk wannan bai dame ni ba kamar yadda shirunki ya dame ni.

Yanzu ki buɗe ƙunshin. Kada ki jefar, na wanke shi da sabulu sau uku, na shanya, na taje. Duk Alhamis idan ya fita ba na share gashinsa tare da na sauran mutane. Ina tsince shi in adana a gwangwanin hoda. Kada ki tsorata, ba wurin boka zan kai ba. Zama na yi da allura da ɗan ƙyalle, tsakanin aski da aski, na ɗinka shi ɗaya bayan ɗaya: ɓarin hagu ya zubo, ɓarin dama ya ɗage, daidai faɗin leɓenki, wanda na san awonsa fiye da na kowa duk da ban taɓa aunawa ba. Ya jefa miki na ulu a kwandon shara. Ga na gaske nan na karɓo miki daga kansa, kuma har godiya yake mini duk ranar da na ɗiba.

Ki ajiye shi har ranar da za ki jawo hular nan daga ƙarƙashin gado. Ko bana ne, ko baɗi, ko sai furfura ta cika mini kai, zan jira, kuma ni zan zauna a layin gaba. Ranar Asabar kuwa ina nan wajen famfon, cikin farar riga, ba zan waiga ba. Kunnena kawai zan bari a gindin bishiyar.

Naki jiya, naki yau, naki ko shago ya rufu ko ya buɗu, har ranar da hannun nan zai kasa riƙe almakashi,

Ƙyas-Ƙyas ɗinki.